Kalmar da Ta Karɓo Mini Fasfona

Lokacin da muke yara a Jibiya, garkuwa abar alfahari ce. Akwai wata ta fatar ɓauna rataye a zauren kakana, ta bushe ta yi baƙi ƙirin, in muka kai mata hannu sai a daka mana tsawa. Idan aka ce wane garkuwar gari ne, to an gama yabonsa. Yau kuwa ka faɗi kalmar nan a tashar mota ka ga yadda fuskoki ke sauyawa. Babu mai tuna fatar ɓauna. Daji ake tunawa, da babura, da kiran waya daga lambar da ba a sani ba. Kalmar tana nan yadda take, ko harafi ba a ƙara mata ba, amma an juya ta. A da mutum ne ke riƙe garkuwa, yanzu mutum ake riƙewa a yi garkuwa da shi.

Na daɗe ina lura da irin wannan a bakin mutane, domin yawo ya sa na tsinci harsuna. Faransanci a Maraɗi na same shi tun ina saurayi, Yarabanci a Apapa, Turanci da Larabci kuwa a cikin jirgin ruwa, inda na shekara ashirin da biyu ina dafa wa ma'aikata abinci. Kowane harshe da yadda yake kiran satar mutum. Ta Balarabe wafcewa ce irin ta shirwa. Ta Bafaranshe ɗaukewa ce kawai, kamar a ɗauke tukunya daga murhu. Turawan Ingila suna da kidnap, wadda 'yan tasharsu na dā suka haɗa daga kalmomi biyu: kid, wato ɗan akuya, da suke yi wa yaro laƙabi da shi, da nap, wato fizgewa. Asalinta yaran da ake fizgewa a titi a tsallaka teku da su su yi bauta a gonaki. Amma suna da wata kalmar, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ita ce shanghai.

Sunan gari ne, babban birni a bakin tekun Sin. Na taka shi sau biyu, ban ga wani abin zargi a wurin mutanensa ba. Wanda ya fara gaya mini yadda sunan garin ya koma sunan mugun aiki wani tsohon injiniya ne ɗan Liverpool, muna ce masa Baba Jak. Wata safiya ina feraye dankali ya zo neman ruwan zafi, ya jingina da ƙofar kicin ya ba ni labari. Ya ce a zamanin jiragen da iska ke turawa, tafiya zuwa Sin doguwa ce, mai wuya, ba mai son ta. Saboda haka a garuruwan bakin ruwa na Amurka aka sami wasu mutane masu gidajen saukar baƙi, masu fara'a, masu saurin cewa zo ka zauna. Su sayo wa baƙo giya, su barbaɗa masa wani abu a ciki. Sai dai ya farka ya ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashinsa, jirgi ya yi nisa, an nufi Shanghai da shi. Tun daga nan, duk wanda aka yaudara aka kai shi aikin da bai yarda da shi ba, sai a kira abin da sunan garin.

Na ce, "To ɗaure shi ake yi a jirgin?"

Ya ce, "A ɗaure shi don me, Kuku? Ga teku nan, in yana so ya sauka. Kuma ka san abin da ya fi muni? Babu mai neman sa. Mutanensa cewa za su yi ya tafi aikin jirgi."

Na yi dariya na ce wannan sai mashaya, ni da ko ƙanshinta ba na so. A lokacin ban san akwai abin da ya fi giya bugarwa ba.

Ina da shekara sittin da huɗu aka zo mini da maganar aiki a Makka. An ce wani masauki a unguwar Misfala yana neman tafinta, dattijo mai harsuna, wanda zai tsaya tsakanin alhazai da masu gida. Ban taɓa yin Hajji ba. Jirginmu ya sha tsayawa a Jidda, amma kuku ba ya barin tukunya. Uwargidana Hajara ta ce, "Malam, je ka. Ka yi shekara ɗaya, ka sauke farali, ka dawo mana." Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba.

Zangon farko Jidda. Mu huɗu muka sauka da bizar Umara, muna cikin harami. Wanda ya tarye mu Bahaushe ne ɗan'uwanmu, Alhaji Sabo, shekararsa talatin a ƙasar. Farar jallabiya, ƙanshin turaren wuta, murya mai sanyi. Ya rusuna ya gaishe ni, ya karɓi jakata da kansa. Muna cikin mota a hanyar Makka, ana talbiyya, ya juyo ya ce, "Baba, kawo fasfon in adana maka. A cikin cunkoson Harami faɗuwa yake yi. Amana ce, in sha Allahu."

Tashoshin jirgin da na shiga sun fi arba'in a rayuwata. A Marsai, a Dakar, a Bombai, fasfona yana cikin wata 'yar jakar fata ɗaure a ƙuguna, ko wanka zan yi sai na rataye ta inda idona yake. Amma ranar nan hannu biyu na sa na miƙa shi. Dalili ɗaya ne. Mu Hausawa mun taso da cewa mutum ba ya ƙarya yana fuskantar Ɗakin Allah. Mutumin nan ya ce amana, a hanyar Makka, ni kuma ina cikin farin ƙyalle biyu, idona cike da hawaye. Giyata ke nan. Babu wanda ya barbaɗa mini komai, daga gida na taho da ita.

Na yi Umarata, kuma wannan ba zan taɓa cewa an cuce ni a kanta ba. Na ga Ka'aba da idona.

Zango na biyu Aziziyya, wata unguwa a Makka. Maimakon Misfala, sai mota ta tsaya da mu a gindin wani dogon bene, aka gangara da mu ƙarƙashinsa. Tun daga matakala hancina ya gaya mini inda za mu: albasa, manja, gas. Manyan tukwane takwas a jere, kowace mutum zai iya zama a ciki. A nan ake dafa tuwo da miya da shinkafa ana rarraba wa masaukan alhazanmu.

Alhaji Sabo ya ce, "Baba, masaukin can ba a gama gyara ba. Ka ɗan riƙa mana nan mako biyu. An ce hannunka da albarka."

A nan na tuna cewa wanda ya zo mini da maganar a gida bai taɓa gwada Larabcina ba. Tambayarsa duk a kan jirgi take: mutum nawa kake dafa wa, kana iya tsayuwa awa nawa. Ba tafinta suke nema ba. Kuku suke nema, suka yi masa kiran da zai amsa.

A gindin tukunya ta uku na sami wani mutum gajere mai furfura a gemu, yana tuƙa tuwo da muciya mai tsawon tabarya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Ƙasar Katsina."

Ya saki muciya ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Shekara huɗu ina roƙon Allah ya aiko mini da bawa, yau ga shi har da jakarsa."

Ndagi ke nan, Banufe daga Bida. Na ce masa ban taɓa ganin ubangijin da gumi ke ɗiga daga gemunsa cikin tuwon mutane ba. Ya ce, "Bawana, yi a hankali. A gidan nan ni da kai ubangijinmu ɗaya." Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

Mako biyu ya zama wata biyu. Bizar Umara ta ƙare. Duk ranar da Alhaji Sabo ya leƙo, maganarsa ɗaya ce: "Za a sabunta muku takardu, a mayar da su igama. Kafili ya yi tafiya ne." Igama ita ce takardar zama, kafili kuwa ɗan ƙasa ne da ke tsaya wa baƙo. Babu wanda ya taɓa ganin kafilin nan a cikinmu. Ƙofar kicin kuwa a buɗe take, ba kwaɗo, ba mai gadi. Kana iya hawa matakala ka fita titi duk lokacin da ka so. Sai dai ba ka da takarda ko ɗaya da za ta ce kai wane ne. Na tsaya a bakin ƙofar nan sau da yawa ina kallon motoci suna wucewa, ina jin muryar Baba Jak: ga teku nan, in kana so ka sauka.

Wata rana Alhaji Sabo ya gama alkawarinsa ya fita, sai Ndagi ya ce, "To, yau ma an sabonta mu."

Na ce, "Kai Banufe, shekara nawa za ka yi kafin ka iya Hausa? Sabunta ake cewa."

Ya ce, "Na san abin da na faɗa. Sabunta daban, sabonta daban. Sabunta ita ce a gyara maka takarda. Sabonta ita ce Sabo ya sa ta a aljihu."

Na tsaya da ludayi a hannu. Mutumin nan ko harafin Turanci bai sani ba, amma abin da Turawa suka yi da sunan gari shi ya yi da sunan mutum. Na ba shi labarin Shanghai. Ya ce, "Ashe Turawa ma Nufawa suka kwaikwaya."

Kowace Juma'a nakan kira gida. Hajara takan ce, "Malam, ka sa mu a addu'a a gaban Ɗaki." In ce to. Ba na gaya mata cewa tun da biza ta ƙare, zuwana Harami bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowane zuwa gabana na faɗuwa in na hango kaki. Maƙwabta sukan karɓi wayar su ce, "Malam Iro, ka dace! Allah ya sa mu a danshinku." A nan na gane bambancin da ke tsakanin kalmarmu da ta Turawa. Wanda aka yi garkuwa da shi a daji, gari duka ke tashi. A yi alƙunutu a masallaci, mata su yi kuka, kowa yana roƙon Allah ya dawo da shi. Wanda kuwa ya ɓace a Makka, babu mai roƙon a dawo da shi. Taya shi murna ake yi. Ni ma kunya ta hana ni in buɗe baki. Mai harshe biyar, wanda ya zaga duniya, a ce an rufe shi a kicin da kalma ɗaya?

Hajji ya zo. Aziziyya ta cika ta batse, motocin alhazai sun toshe kowane titi. Mina tana nan bayan dutse, da ƙafa ma ana zuwa. Ranar Arfa unguwar ta yi tsit kamar an share ta, kowa ya tafi. Ni da Ndagi da sauran muna ƙasa muna dafa abincin da za a kai tantuna. Da rana ta karkata, lokacin da alhazai ke tsaye suna ɗaga hannu, Ndagi ya ajiye muciya ya fuskanci alƙibla ya ɗaga nasa. Na bi shi. Muka yi addu'armu a tsakanin tukwane, tururi yana dukan fuskokinmu. Bayan Salla na kira gida, Hajara ta ce, "Sannu, Alhaji." Ban gyara mata ba. Wannan shirun ya fi komai yi mini nauyi.

A watan Rajab na shekara ta biyu, ina yankan kubewa da hantsi, autarmu Asabe ta kira. Ba Juma'a ba ce, don haka tun kafin in ɗauka jikina ya ba ni.

"Baba, Inna ta faɗi a bakin rijiya. Ɓarin dama duk ya shanye. Likita ya ce a yi ta addu'a. Magana ba ta fita, sai dai ta dubi ƙofa ta ce Malam. Baba, ka taho."

Na sami Alhaji Sabo a ofishinsa na hawa na farko. Ban zauna ba. Na ce ina son fasfona yau.

Ya ce, "Inna lillahi. Allah ya ba ta lafiya. Amma Baba, fasfo yana wurin kafili, kafili yana Riyad." Ya sassauta murya. "Kuma ka duba, Hajji saura wata biyar. Ka daure. Bana da kaina zan nemo maka izini, ka hau Arfa, ka koma gida kana Alhaji na gaskiya. In ka fita yanzu ba takarda, ta tarhil za ka bi, su ɗauki yatsunka, su rufe maka ƙasar. A shekarunka, yaushe za ka dawo?"

Tarhil ita ce inda ake tsare waɗanda suka wuce wa'adi kafin a mayar da su ƙasarsu. Ba zan ɓoye ba, maganarsa ta shige ni. Ya san inda ƙaiƙayina yake, nan ya sosa. Na koma ƙasa na zauna a kan buhun shinkafa, kwana biyu ina juya maganarsa.

Akwai wani ɗan kasuwa da ke kawo mana kuka da daddawa da busasshiyar kubewa duk Talata, daga shagonsa na Rusaifa. Sunansa Bakur, wato Abubakar a bakin mutanen can. Haifaffen Makka ne, ɗan ƙasa, sa'ana ko ya ɗan girme ni. Kakansa ne ya zo daga Kano da ƙafa. Hausarsa irin ta Kanawan dā ce, wadda ko a Kano an daina ji, ga ta cakuɗe da Larabci kamar wake da shinkafa. Tun zuwana yakan ajiye mini goro biyu a kan buhu ba tare da ya ce komai ba. Ranar Talatar nan ya same ni zaune.

"Esh fik, ya Malam? Me ya same ka? Fuskarka kamar an yi maka mutuwa."

Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Na gaya masa duka, tun daga motar Jidda har kiran Asabe. Ya zauna a kan buhun da ke kusa da nawa.

Sannan ya ce, "Jaddi, kakana, su biyu suka taso daga Kano, shi da ƙanensa. Shekara bakwai suna hanya. Da suka zo bakin Bahar Maliya, mai kwalekwale ya ce wuri ɗaya ya rage, a ba shi ƙaramin ya fara tsallakar da shi, amana. Khalas. Ba a sake ganin sa ba. Wallahi har jaddi ya rasu, in yana ɗawafi, fuskar kowane baƙin mutum yake dubawa." Ya share ido da gefen rawaninsa. "Ina zaton abin nan ya ƙare tun zamaninsu."

Na ce zan je in miƙa kaina tarhil haka nan. Ya girgiza kai. "La, la. Ba fasfo, sai an bincika an tabbatar ko kai wane ne, yana iya ɗaukar watanni. Matarka tana da watanni? Da fasfo a hannu, kwanaki ne. In kuma muka kai ƙara yau, kafin a zo fasfunan sun bi iska, ya ce bai taɓa ganin ku ba."

Ndagi daga gindin tukunya ya ce, "Ai shi wanda aka sabonta, sai haƙuri."

Bakur ya ce, "Aka me?"

Muka yi masa bayani. Na haɗa masa da labarin Shanghai, yadda sunan birni guda ya manne da mugun aiki, har yau bai ɓanɓaru ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai kuma ya shafa gemu. Ya miƙe ya ce, "Ɗayyib, da kyau. Ku ba ni aron kalmar nan."

Zango na uku Misfala, amma ba ni na je ba, kalmar ce ta je. A can 'yan kasuwarmu ke zama bayan la'asar suna shan shayi a ƙofar shaguna. Bakur ya zauna a cikinsu, wani ya nemi ya ba shi kaya ya kawo daga baya, sai ya ce, "A'a, kada ka sabonta ni." Aka ce mene ne haka? Ya ce, "Ba ku sani ba? Sabuwar Hausa ce daga Aziziyya." Bai zagi kowa ba, bai ambaci sunan kowa ba. Ba a bukatar ya ambata, sunan yana cikin kalmar.

Wanda ya san Bahaushe ya san ba abin da yake so kamar sabuwar kalma mai daɗin faɗa. Kafin kwana goma, direban da ke ɗaukar mana abinci ya shigo yana dariya, ya ce ya ji wata mai sayar da ƙosai a Misfala tana ce wa mai ciniki, "Ajiye mini farantina, kada ka sabonta shi." Ya ce har samarin da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba sun ɗauka, suna sa ta a cikin Larabci. Kuma lokacin ne shugabannin ayarin alhazai ke zuwa daga gida suna zaɓen wanda zai ciyar da mutanensu bana. Su ma a Misfala suke shan shayi.

Ni kuwa kwanakin nan goma a kan ƙaya na yi su. Kullum in kira Asabe, kullum ta ce, "Tana nan dai, Baba. Tana duban ƙofa."

Zango na huɗu Rusaifa. Ranar Alhamis bayan la'asar Bakur ya aiko mota ta ɗauke ni zuwa shagonsa. Na tarar da Alhaji Sabo zaune a kan kujerar roba tsakanin buhuna, shayin gabansa ya huce bai taɓa ba. Ya rame a idona.

Yana ganina ya ce, "Baba, abin da za ka saka mini da shi ke nan? Jiya ɗana ya dawo daga makaranta yana tambayata ma'anarta."

Bakur ya ce, "Ka gaya masa?"

Alhaji Sabo ya ture shayin gefe.

Bakur ya ce, "Isma, ya Sabo, ji nan. Malam ya ba ni labarin wani gari a Sin. Garin bai saci kowa ba, wasu can suka yi sata aka liƙa masa, kuma har yau yana ɗauke da ita. To gari ma ke nan, mai katanga da sarki. Kai mutum ɗaya ne, kuma kai ka yi. Kalma ba ta da fasfo, ba ta bukatar igama. Bana za ta bi alhazai ta sauka Kano, ta sauka Sakkwato, ta sauka Damagaram. Jikokinka za su ji ta a bakin yara."

Alhaji Sabo ya ce, a hankali, "Ni ma haka aka yi mini da na zo. Shekara shida."

Na ce, "To ka san ɗacinta ke nan, Alhaji. Mu ba mu san ka sani ba."

Sannan ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa, ba Riyad ba, aljihun da ke kan ƙirjinsa, ya fito da fasfo shida ɗaure da roba, ya ajiye a kan buhun kuka. Ya ce, "Za ku janye ta?"

Bakur ya ce, "Ni zan daina faɗa. Amma wadda ta riga ta fita, sai dai halinka ya janye ta. In aka shekara ba a sami wanda ka riƙe wa takarda ba, za ta mutu da kanta. Kalma ma abinci take ci."

Na kai wa Ndagi nasa. Ya buɗe, ya dubi hotonsa na shekara biyar da suka wuce, ya ce, "Wannan yaron fa?" Ya sa shi a aljihu ya koma kan muciyarsa. Na ce ba za ka taho ba? Ya ce, "In je Bida in ce musu me? Bari dai in ga Arfa tukuna, ko Allah zai sa. Amma yanzu da ƙafata nake tsaye. Je ka, bawana, na 'yanta ka." Muka rungume juna, warin hayaƙi a jikinsa, a jikina.

Washegari Bakur ya kai ni Harami da kansa. Na yi ɗawafi a hankali, ban yi gaggawa ba, domin na san na ƙarshe ne. Na lura ina duban fuskokin mutane, kamar kakan Bakur. Daga nan ya kai ni na miƙa kaina. Jami'in da ya karɓe ni saurayi ne, ya ga furfurata ya ba ni kujera, ya ce, "Ya ammi, baffa, me ya sa ka daɗe haka?" Na ce masa da Larabci, labarin dogo ne. Aka ɗauki yatsuna goma. Aka gaya mini shekarun da zan yi ban shigo ƙasar ba, na lissafa da nawa, na san an gama. Kwana tara na yi a tarhil. Ran na goma ina cikin jirgi.

Na sami Hajara da rai. Tana kwance a kan tabarma a ɗakinta, an juya ta tana fuskantar ƙofa. Da na shiga bakinta ya karkace, ta yi ta kokawa da harshe har ta fitar da kalma ɗaya: "Alhaji."

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Ba Alhaji ba ne, Hajara. Ban hau Arfa ba. Tuwo na tuƙa." Na gaya mata duka, a gaban Asabe, a gaban maƙwabtan da suka cika ƙofa. Da na gama, ta miƙo hannun hagu, wanda ya rage mata, ta kama bakin rigata ta riƙe. Ta ce, "Malam." Ba ta sake ba har ta yi barci.

Yau shekara uku ke nan. Tana zaune, tana cin abinci da hannun hagu, ni nake dafa mata. Bakur yakan kira ni da Salla. Ya ce kalmar ta yi sanyi a Misfala, sai jefi-jefi, kuma bai sake jin an riƙe wa kowa takarda a benen nan ba. Ndagi ya hau Arfa a shekarar da ta biyo, ya aiko a gaya wa bawansa ya yi masa addu'a.

Ni dai Makka ta rufe gare ni, ba zan sake ganin Ka'aba da idon duniya ba, kuma duk wanda ya kira ni Alhaji ina gyara masa. A unguwarmu kuwa, idan aka ce wane ya tafi aiki Makka, an daina cewa ya dace a yi shiru. Sai an tambaya tukuna: fasfonsa yana hannun wa?